Mutum Tara da Ba Su Waiwaya Ba

A sura ta 17 ta Bisharar Luka, Ubangijinmu Yesu yana kan hanyarsa ta zuwa Urushalima, a tsakanin Samariya da Galili, sai kutare goma suka tsaya daga nesa suna roƙonsa jinƙai. Ya umarce su su je su nuna kansu ga firistoci. Suna cikin tafiya jikinsu ya tsarkaka. Ɗaya ne kaɗai ya juyo ya faɗi a gabansa yana godiya, shi kuwa Basamariye ne.

Mun saba kiran sauran taran butulai, amma mu yi musu adalci: abin da aka ce su yi, shi suka yi. Bisa ga Littafin Firistoci, sura ta 13 da ta 14, kuturu yakan zauna bayan zango da yagaggun tufafi, yana shelar ƙazantarsa don kada kowa ya kusace shi. Ko ya warke, ba ya komawa cikin jama'a sai firist ya duba shi, an kawo tsuntsaye biyu, ya aske gashinsa duka, ya ƙara kwana bakwai a wajen alfarwarsa, a rana ta takwas ya miƙa hadaya. Mutumin da ya yi shekaru bai rungumi ɗansa ba, wa zai ga laifinsa don ya ɗaga ƙafa?

Duk da haka Yesu ya tambayi inda suke, kuma tambayar nan da mu take. Yawancinmu, 'yan'uwa, ba mugaye ba ne. Muna zuwa sujada, muna ba da zakka, ba mu taɓa kayan kowa. Sai dai mutum yana iya cika kowane umarni alhali idonsa yana kan kyautar, bai ɗaga shi ya dubi Mai bayarwa ba. Irin wannan nagarta ba ta daɗewa kafin ta fara lissafi. Sai mai ita ya soma ganin lafiyarsa da amfanin gonarsa a matsayin ladan halinsa, ranar da aka hana shi kuwa ya ji kamar yana bin Allah bashi. A sura ta 18 Luka ya nuna mana ƙarshen wannan hanya: Bafarisiyen da ya shiga Haikali da kalmar godiya a bakinsa, amma ayyukan kansa yake ƙirgawa.

Hausawa na cewa yaba kyauta tukwici. Tsakanin mutum da mutum haka ne, domin yabo yakan rage nauyin da ke kan wanda aka yi wa alheri. A gaban Allah kuwa godiya ba ta biyan komai. Amincewa ce cewa hannunmu wofi yake sa'ad da aka cika shi. Ina ganin shi ya sa baƙon ya riga 'yan gida ganewa. Cuta ce ta haɗa shi zama da Yahudawa, lafiya kuma za ta sake raba su. Ba shi da wata gadara ta asali da zai ce ya cancanci abin da ya samu.

Ikilisiyar ƙasarmu ta san wannan labari a jikinta. Daga shekarun 1930 mishan ɗin SIM ya kula da masu cutar kuturta a Yadakunya ta Kano, da Amanawa ta Sakkwato, da Babbar Ruga ta Katsina. Waɗansu daga cikin masu bi na farko a ƙasar Hausa a irin waɗannan wurare suka ji bishara, mutanen da gari ya riga ya juya wa baya.

A Helenancin da Luka ya yi rubutu da shi, kalmar da ta bayyana abin da ya sami su goman tana nufin tsarkakewa. Wadda Yesu ya faɗa wa Basamariyen, bayan ya ce masa ya tashi ya tafi, wata ce dabam, wadda ake amfani da ita wajen ceto.