Lamba mai yalwa, gulbi mai ƙishi

A takardu, madatsar ruwan Goronyo da aka kammala a 1984 tana ɗaukar ruwa mita kubik 942,000,000. Mu da muke cin abinci da rubuta manhaja, da zarar mun ga lamba irin wannan sai hannu ya fara ƙaiƙayi, mu so mu feɗe ta. Idan aka feɗe ta, 2 ce sau bakwai, 3 sau ɗaya, 5 sau shida, sai 157 wadda ba ta rabuwa. Lambobi 224 ne ke raba ta ba saura.

Tun wajen shekara ta 100 miladiyya Nikomakus ya kasa lambobi gida uku, malaman hisabin Musulunci suka gaji rabon: tauyayya, cikakkiya da mai yalwa. Ana tara duk lambobin da ke raba lamba, ban da ita kanta. In jimlar ta yi daidai da ita, kamar 6 ko 28, cikakkiya ce. In ta zarce, mai yalwa ce. Duk lambar da 6 ke rabawa, muddin ta wuce 6, mai yalwa ce, don haka ta Goronyo tana wannan gida.

Mai yalwa ce a Satumban 2010, lokacin da ambaliya ta cinye gonaki da gidaje a kwarin Rima. Mai yalwa ce a 2018, da ruwan ya janye har Sakkwato ta shiga fargabar abin sha. Hukuncin gaskiya ne, babu mai ƙaryata shi, amma bai taɓa jiƙa kunyar albasa ɗaya a Taloka ba. Mafi yawan kyawunta ma daga sifili shida ɗin nan ya fito, su kuwa alama ce ta cewa wani ya cike lissafi. Ƙara mita ɗaya tak, ta tashi daga shafa'i ta koma wutiri, 3 da 5 da 157 duk su sake ta. Balle laka, wadda kowace damina take zaftare wani abu.

Inda hankalinmu ya fi tsayawa shi ne 7. Raba ta bakwai, mita huɗu za su rage. Kwamfuta, in ba a ce mata komai ba, zubar da saura take yi a irin wannan rabo, ko ƙyaftawa babu. Mutum ne zai rubuta layin da zai ce wa za a bai wa. Malaman gado sun san wannan nauyi, shi ya sa suka buɗe babi guda, raddu, don abin da ya rage bayan kowa ya karɓi kasonsa. A magudanar rani kuwa saurar ruwa tana da mai ita tun kafin a buɗe ƙofa: wanda gonarsa ke bakin magudana. Na can wutsiya, da tafarnuwarsa, yakan jira dare ya raba, ya fito da tocila ya ga ko an bar masa wani abu.