Wa Ya Cancanci A Adana Sunansa?

Wim Vansevenant tsohon ɗan tseren keke ne daga ƙasar Beljiyam. Sau uku a jere, daga 2006 zuwa 2008, shi ya zo na ƙarshe a gasar Tour de France. Shin irin wannan mutum ya cancanci shafi a Wikipedia, kundin sani na intanet?

Wasu za su ce kundi ba juji ba ne, gwanaye kaɗai ake sakawa. To amma cin gasa ba shi ne aikin Vansevenant ba. Barantaka ce aikinsa: ya tare wa jagoran ƙungiya iska, ya ɗebo masa ruwa, ya ƙarar da ƙarfinsa a hanya. Jagoran nan, Cadel Evans, na biyu ya zo a 2007 da 2008.

Ita kuwa ƙa'idar Wikipedia ba ta auna gumi. Tambayarta ita ce ko amintattun kafofi sun yi rubutu mai zurfi a kan mutum, kuma jaridun Turai sun sha ba da labarin Vansevenant. Abin da ke damuna shi ne takwaransa da ya yi irin wannan bauta a gasar Tour du Faso ta Burkina Faso, amma babu alƙalamin da ya bi ta kansa.