Furfura A Kai, Ƙuruciya A Zuci

Kwanakin nan ana yawan aiko mana da takardun gayyata zuwa bukin cikar shekara: wannan ya cika 50, wancan 60, wata uwa kuwa 70. A kan yi sujadar godiya, a ci shinkafa, jikoki su yi waƙa. Kakanninmu ba su san wannan ba. In ka tambayi tsoho shekarunsa sai ya ce maka an haife shi shekarar fara, ko shekarar da aka naɗa sarki wane. Har yanzu ma akwai masu irin wannan lissafi, ba kuwa lissafin banza ba ne, gama wanda aka haifa shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo kallon hawan daba a Kaduna, watau 1956, cikarsa 70 ta faɗa cikin 2026.

Ba mu ga laifin bukin ba. Amma akwai magana guda wadda ba a rasa ji a wurin. Wani ya kan tashi ya ce, "Baba bai tsufa ba, har yanzu yaro ne!" Sai a yi ta tafi. Baban kuwa ga shi zaune da sandarsa, sai an maimaita masa kafin ya ji abin da aka ce. To, 'yan'uwa, gaskiya mu ke faɗi, ko daɗin baki ne kurum?

In ana nufin jiki, ƙarya ce, ƙaryar kuwa tana da ɓarna. A Nijeriya yawancin ma'aikatan gwamnati su kan bar aiki sa'ad da suka cika shekara 60, ko suka yi shekara 35 suna aiki. Saboda haka waɗansu su kan je kotu su rantse, su rage shekara biyar ko bakwai, har ka tarar mutum a takarda ƙanen ƙanensa ne. Ya rina furfura, ya riƙe kujera, samari masu ilmi suna tsaye a bakin ƙofa. Kada mu ce a ofis kaɗai a ke yi. Akwai shi cikin majalisar dattawan ekklesiya, akwai shi cikin zumuntar mata. Wannan ba ƙuruciyar zuciya ba ce. Tsoro ne, tsoron kada a manta da shi. Muna jin tausayinsa, amma ba mu iya yabonsa.

Akwai kuma wanda da zarar ya cika 60 sai ya shimfiɗa buzu a zaure ya ce tasa ta ƙare. Ba ya tambaya, ba ya koyo, hirarsa duka zamanin fam da sule ce. Kome yara suka kawo sai ya ce, "A zamaninmu ba haka a ke yi ba." Wannan ya tsufa sau biyu.

Littafi Mai Tsarki ya nuna mana tsofaffi biyu da ya kamata mu sa su kusa da juna mu duba. Na fari Kalibu ne, cikin Joshuwa sura 14. Yana da shekara 40 Musa ya aike shi leƙen asirin ƙasar Kan'ana. Sa'ad da ya kai 85 ya zo wurin Joshuwa, bai roƙi fadama mai sauƙin noma ba, sai ya roƙi ƙasar duwatsu ta Hebron, inda ƙattin Anakawa su ke da birane masu garu. Wa'azi a kan Kalibu yana da daɗi, kowane mai buki kuma yana so a kamanta shi da shi. Sai dai ba kowa aka ba ƙarfin Kalibu ba.

Na biyu ba a cika ambatonsa ba, shi ne Barzillai mutumin Gileyad, cikin 2 Sama'ila sura 19. Lokacin da Dawuda ya gudu daga gaban ɗansa Absalom, wannan attajiri yana cikin waɗanda suka kai masa gadaje da alkama da zuma a Mahanayim, ba a ko san wanda zai ci yaƙin ba tukuna. Da sarki ya tashi komawa, ya ce Barzillai ya bi shi Urushalima ya zauna a fada. Tsohon ya ƙi. Ya faɗi shekarunsa a fili, 80, bai rage ko ɗaya ba. Ya ce ba ya ƙara jin ɗanɗanon abinci, ba ya jin muryar mawaƙa, in ya tafi zai zama wa sarki kaya ne kawai. Ya roƙa a bar shi ya mutu a garinsu kusa da kabarin iyayensa, a tafi da Kimham a madadinsa, a yi wa yaron alherin da aka nufe shi da shi.

Wani zai ce, ai wannan shi ne tsufa sosai. Mu dai ba mu ga haka ba. Mutumin da ya yi kasadar dukiyarsa da ransa domin sarkin da aka kora, yana da shekara 80, ya kuma sauko har bakin Urdun domin rakiya, zuciyarsa ba ta yi furfura ba. Abin da ya haɗa shi da Kalibu ke nan: dukansu biyu idonsu yana kan gobe. Kalibu ya ga gobe a kan dutsen Hebron, ya hau da ƙafarsa. Barzillai ya ga gobe a fuskar Kimham, ya matsa ya ba shi hanya. A ganinmu na biyun ya fi wuya.

Saboda haka muna ba da shawara ga masu shirya irin wannan buki. A bar ce wa Baba yaro ne, shi ma ya san ba haka ba ne. A faɗi shekarunsa daidai, a gode wa Allah dominsu. Sa'an nan, kafin a kawo abinci, ɗaya daga cikin 'ya'yansa ya durƙusa ya tambaye shi a gaban jama'a: "Baba, wane aiki ne ya rage maka wanda ka ke so mu taimake ka ka gama, wane ne kuma za ka sa a hannunmu yau?" A yi shiru, a ba shi lokaci ya amsa.