Kalmar Juya: Wa Ya Auna, Wa Ya Yanke Hukunci?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, Mahaliccin uwa da abin da ke cikinta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, akwai wata kalma da ke yawo a gidajenmu, daga Birni har Zango da Garin Malam, mai sauƙi a baki, mai nauyi a mizani: kalmar juya. Amarya ta shekara biyu a ɗaki ba ko ɓatan wata, sai uwar miji ta fara huci, ƙannensa su shiga habaici. Ta sha saiwa, ta sha rubutu, ta sayar da kwanukan jerenta wajen neman magani. Ƙarshenta kishiya, ko takarda. A ƙasar da ƙidayar 2012 ta nuna mace kan haifi ƴaƴa bakwai da ɗoriya, wadda ba ta goya ba tana zaune kamar baƙuwa a kowane suna. Abin da muke tambaya shi ne: wa ya auna ya tabbatar matsalar daga wajenta take? Mun dai sani a shari'a mai da'awa ne ake nema wa hujja.

Masana likitanci sun daɗe suna binciken wannan al'amari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na balagaggu yana gamuwa da jinkirin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma a wurinsu ana kiransa jinkiri ne idan an cika wata 12 ana saduwa ba rabo. Abin da ya fi shafarmu shi ne wannan: a kusan rabin ma'auratan da ake aunawa, namiji yana da hannu, ko dai shi kaɗai, ko tare da matar. Mutum zai iya kasancewa da cikakken ƙarfin mazakuta, alhali ƙwayoyin haihuwa a ruwansa kaɗan ne, ko raunana, ko babu su sam. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Hangum da ya kama mutum bayan balaga ya sauka ƙasa yana jawo haka, tsohon ciwon sanyi ma yana jawowa. Don haka wanda ya ce ai ya taɓa haihuwa da uwargida shekara 15 da suka wuce, bai kawo hujja a kan yau ba.

Ko inda cutar take jikin mace, sai mu tambaya daga ina ta zo. Wani babban bincike da wannan hukuma ta yi a ƙasashe 25, aka fitar a 1985, ya gano cewa a Afirka fiye da kashi 85 cikin ɗari na matan da aka auna, sanadin rashin haihuwarsu ƙwayar cuta ce da ta shiga jiki, sau da yawa ta toshe hanyoyi biyun da ƙwai ke bi zuwa mahaifa. Cutar kan shiga ta haihuwar da ba a tsabtace ba, ko ɓarin da ba a kula da shi ba, ko tsargiyar da yarinya ta ɗauka a tabki, ko ciwon sanyin da maigida ya zo da shi daga tafiya ya yi shiru. A wannan na ƙarshe, subhanallahi, wanda ya yi ɓarnar shi ne kuma mai rubuta takardar saki.

Wani zai ce haihuwa ta Allah ce, leƙen mahaifa shisshigi ne a cikin gaibu. Gaskiya ne ta Allah ce. Ayoyi na 49 da 50 na Suratus Shura sun tabbatar da cewa ba da ƴaƴa mata, ko maza, ko hanawa, duk a hannunSa suke, kuma mai lura zai ga ayar ba ta keɓe mace da hanin ba. Amma abin da Allah Ya bari aka gano da awo ya fita daga gaibu, kamar yadda zazzaɓin cizon sauro ya fita. Sa'annan mai wannan magana, me ya sa bai tuna da ƙaddara ba ranar da ya tura matarsa gidan boka? Sai da aka ce shi ma ya je awo tawakkali ya zo masa.

Littattafanmu na Malikiyya sun lissafa aibobin da ke ba miji ko mata zaɓin warware aure, kamar hauka da kuturta da abin da ke hana saduwa, ba su sa rashin haihuwa a ciki ba. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya ji wani mutum da ba ya haihuwa ya yi aure, sai ya umarce shi ya koma ya sanar da matar, ya ba ta zaɓi. Ashe magabata sun san namiji ma kan rasa, sun kuma san mace tana da haƙƙi a cikin samun ɗa. Wanda lokotoro ya faɗa wa gaskiyar halinsa, ya ɓoye takardar, ya bar matarsa tana shan gori har shekarun haihuwarta suka shige, ya ci amana. Shi yana iya ƙara aure yana da sittin. Ita lokacinta ƙidayayye ne.

Malamai ba su rufe ƙofar magani ba. Bayan haihuwar jaririya ta farko da aka haɗa ƙwayoyinta a wajen mahaifa, a Ingila a 1978, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Amman a 1986, ta halatta yin haka idan akwai buƙata, da sharaɗin ruwan na mijin ne, ƙwan na matarsa ne, mahaifar kuma tata. Shigo da na wani haramun ne, domin kiyaye nasaba. Sai dai wannan aiki ne mai tsada, ya fi ƙarfin yawancinmu.

Abin da bai fi ƙarfinmu ba shi ne awo. A nan jihar Damagaram aka fara makarantar mazaje a 2008, inda magidanta ke zama suna koyon amfanin awon ciki da haihuwa a likita, har wasu ƙasashe suka kwaikaya. Mazan da suka koyi raka mata awo, sauran su miƙa kansu. Awon mace yana da wahala: jini, hoton ciki, wani lokaci a zuba ruwan magani a mahaifa a ɗauki hoton hanyoyin, da zafi da kuɗi. Na namiji kuwa ɗan ruwa ne a kwalba, bayan ya ƙaurace wa iyali kwana biyu zuwa bakwai, kuma babu laifi iyalinsa ta taimaka masa a kansa. Saboda sauƙinsa ne likitoci ke son a yi shi tun zuwan farko, miji da mata tare, kafin a ɗora wa mace nata. Idan sakamakon bai yi kyau ba, akan sake shi bayan kamar wata uku, domin ko zazzaɓi mai zafi yana iya rage ƙwayoyin na ɗan lokaci.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.