Shirun Mai Sayarwa Ƙarya Ne?

Karatu: Littafin Firistoci 25:14, Karin Magana 20:14

Da yawanmu ba mu manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Kurfi da Dutsin-Ma. A Birchi mutum ba ya iya kiran ɗansa da ke gona. A kwanakin nan ne wani ɗan'uwa ya sayi oba-oba guda biyu, na hannu, a wurin wani mai bi, don ya riƙa jin motsin yaransa. Sun gwada a zaure, murya ta fita tangaran, aka biya kuɗi, aka yi sallama.

Kwana biyu bayan haka, yaron yana gona ya danna zai yi magana, na'urar ta mutu. Batirin ya tsufa. Tsohon batiri yakan nuna ya cika idan an ɗora shi a caji, amma aika magana ya fi sauraro cin wuta nesa ba kusa ba, don haka gwajin minti ɗaya a zaure ba ya tona asirinsa. Mai sayarwar ya san da wannan, bai faɗa ba.

Da maganar ta zo gabana, ga abin da ya ce: "Malam, ban yi masa ƙarya ba. Bai tambaye ni ba. Ya gwada da hannunsa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa."

Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Kayan hannu ba sabo ba ne, shi ya sa ake rage kuɗinsa, kuma ba wanda zai iya lamunce maka abin da zai lalace gobe. Aibin da mai kaya bai sani ba, ba laifinsa ba ne. Amma ramukan rariya a fili suke, mai saye yana ganinsu. Ciwon batiri a ɓoye yake, mutum ɗaya ne ya san shi a zauren nan. Ya bar ɗan'uwansa ya gaskata abin da ba haka ba ne, kuma ya karɓi kuɗin lafiyayyen kaya. Bakinsa bai furta ƙarya ba, amma shirunsa ya yi aikin da ƙarya take yi. Ku tuna kuma abin da aka saya: hanyar da yaro zai kira mahaifinsa in ya ga baƙin babura a bakin daji.

Littafin Firistoci ya hana mu cutar juna a ciniki, kuma ya ambaci mai sayarwa da mai saye duka. Shi ya sa ban bar mai sayen ya tafi yana jin shi tsarkakakke ne ba. Da na bincika, ashe ya san matar mai kayan tana kwance a asibiti, ya kushe kayan, ya taya da wulaƙanci, har mutumin ya sallama don dole. Irinsa Karin Magana take nufi: mai saye da ke rena kaya a gaban mai shi, in ya juya baya ya yi ta fahariyar arhar da ya samu. Ɗaya ya ci ribar rashin sanin ɗan'uwansa, ɗayan ya ci ribar matsuwarsa.

Ga ma'aunin da za ka riƙe. Kafin ka karɓi kuɗi, tambayi kanka: da ya san abin da na sani, zai biya wannan kuɗin? In amsar a'a ce, buɗe baki ka faɗa, ko waya ce, ko babur, ko akuya. Wataƙila kuɗin ya ragu, wataƙila cinikin ya watse. Ka yarda da wannan asarar. Ba za ka yi addu'a da harsuna ran Lahadi ba, ran kasuwa kuma harshenka ya ƙi faɗar aibin kayanka. Ruhu Mai Tsarki ɗaya ne a sujada da a rumfa.

In kuwa ka riga ka yi, dubi Zakka a Luka 19. Da Yesu ya shiga gidansa, ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu. 'Yan'uwan nan biyu sun zauna su kaɗai, kamar yadda Matiyu 18:15 ya koya mana. Mai kaya ya sayi sabon batiri, mai saye ya cika abin da ya danne na kuɗin. Kai fa, akwai wanda ya kamata ka nema a makon nan?

Addu'a: Ya Uba, ka gafarta mini ribar da na ci ta wurin shiru ko ta wurin matsuwar wani. Ka ba ni ƙarfin hali in mayar da abin da ba nawa ba, cikin sunan Yesu. Amin.