Shin Gani Ya Kori Ji?

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Maganar tana da gaskiya a kasuwa, inda mai sayen akuya ya ke shafa ta da hannunsa. Amma akwai wurin da ido kaɗai ba ya yanke hukunci, kuma mutanen ƙasar Gwandu sun san wannan sarai. In wani ya ga jinjirin watan azumi a Kalgo, ba a ɗaukar azumi don faɗarsa kawai. Sai a kai maganar ga hakimi, a tambaye shi lokaci da wurin da ya gan shi, a nemi shaidu adilai, a sanar da Sarkin Gwandu a Birnin Kebbi, sa'an nan labari ya isa ga Sarkin Musulmi a Sakkwato. Ba don ana tuhumarsa da ƙarya ba ne, sai don ido yana ruɗuwa.

To, masanan taurari ma haka su ke yi. Ran 19 ga watan Mayu, 2023, wani dattijo a ƙasar Japan, Koichi Itagaki, ya hangi ɗigon haske cikin wani garken taurari mai nisa da a ke kira M101, a wurin da babu shi a da. Shi kuwa ba malamin jami'a ba ne. Sana'ar gidansu sarrafa gyada ce, duban sama da madubin hangen nesa sha'awa ce kawai, amma ya shekara da shekaru yana yi, har ya gano irin wannan haske fiye da sau 100. Duk da haka bai tsaya ga ganinsa ba, nan da nan ya aika wa masana da labari.

Abin da ya gani mutuwar tauraro ce, wadda Turawa ke kira supanoba. Tauraro wuta ne kamar rana. In babba ne ƙwarai, ranar da makamashinsa ya ƙare sai cikinsa ya rufta, ya fashe, haskensa ya yi na rana dubban dubbai har makonni, sa'an nan ya dushe.

Cikin 'yan sa'o'i wasu masana suka juya babban madubinsu da ke tsibirin La Palma, yamma da Maroko, suka tsaga hasken ya rarrabu launi launi kamar bakan gizo. Kowane abu da ke cikin wuta yana barin alamarsa a launukan nan, kamar yadda sawu ke nuna dabbar da ta wuce. Tun 1941 wani masani, Rudolph Minkowski, ya kasa irin fashewar nan gida biyu: wadda babu alamar iskar haidirojin a haskenta ita ce kashi na 1, mai ita kuwa kashi na 2. Ta Itagaki aka iske ta kashi na 2 ce, aka raɗa mata suna SN 2023ixf.

Abin mamaki kuwa, haske yana tafiyar mil 186,000 cikin sakan ɗaya, amma wannan sai da ya yi wajen shekara miliyan 21 a hanya kafin ya iso. Watau idon dattijon ya ce masa yau abin ya faru, alhali tsohon labari ne ya iso a makare. Ashe ganin nan ma wani irin ji ne, manzo ne ya kawo saƙo daga nesa.

A 1006 wani likita a Masar, Ali bin Ridwan, ya ga irin wannan da ido ƙuru-ƙuru, ya rubuta cewa ya ninka Zara sau biyu da rabi ko uku. Ya yi gaskiya a gani, amma bai san abin da ya gani ba, mutanen zamaninsa kuma suka ɗauke shi alamar masifa. Rubutunsa ne ya amfani masanan da suka zo bayan shekara 900 da ɗoriya.

Shi ma Itagaki ba shi ya fara ɗaukar hoton hasken ba. Da labarinsa ya bazu, wasu suka koma ga hotunan M101 da suka ɗauka sa'o'i kafinsa, sai ga ɗigon nan yana ciki, ba su lura ba.