Hujjar Mai Riƙe da Takobi

Kwanan baya na kalli wani wasan kwaikwayo da ɗaliban wata makarantar sakandare suka rubuta da kansu. Abokai biyu ne masu cin tuwo a kwano ɗaya, yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970 ya raba su, har ɗaya ya harbe ɗaya. Kisan bai girgiza ni kamar jawabin da ya biyo baya ba. Yaron ya fuskance mu, ya ce umarni aka ba shi, kuma da bai harba ba, da shi aka harbe. Sai ga mu muna gyaɗa kai, har da ni mai wa'azin gafara.

Ka tuna da Yowab cikin 2 Sama'ila sura 3. Ya ja Abner gefe a ƙofar Hebron kamar za su gana, ya soke shi saboda jinin ɗan'uwansa Asahel. Akwai gaskiya cikin hujjarsa, nan kuwa haɗarinta yake: Abner ne ya kashe Asahel. Amma a fagen yaƙi ne, bayan ya gargaɗe shi sau biyu, yanzu kuma sulhu ne ya kawo shi Hebron. Wannan rabin ne Yowab ya rufe ido a kai.

Kai fa, sa'ad da kake cewa su ne suka fara, wane rabi ka bari a baya? Ɗaliban dai ba su ɗauke gawar ba. Tana kwance a gabanmu har mai jawabin ya gama kāre kansa.